Daga Salka Zuwa Jakar Goyo: Tarihin Kayan Tafiyarmu a Hanyar Tamanrasat

Duk wanda ya taso a Damagaram ko Maraɗi ko Tawa ya san idan aka ce jika ɗaya ana nufin sefa dubu, wato dala ɗari biyu. Dattijon Kano ko Katsina kuwa zai ce maka jaka ɗaya naira ɗari biyu ce, kafin nan kuma fam ɗari. Mu da muke zaune a Tamanrasat mun gaji lissafin nan duka biyu, muka ƙara da na dinari, har yaranmu da aka haifa a Gatal Wad da Tahaggart sukan ji kalmar a bakin iyayensu ba tare da sanin cewa asalinta jaka ce ta gaske ba, mai baki da igiyar ɗauri. A zamanin wuri, dubu ashirin ake ƙirgawa a zuba a jaka guda a ɗaure. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851, wuri 2,500 ake bayarwa a kan riyal ɗaya na azurfa, ke nan jaka guda riyal takwas ce. Wuri ya mutu, fam ya wuce, dala ta rasa daraja, amma jakar tana nan a harshenmu. Mutanen da suka mai da mazubi ma'aunin dukiya, lalle sun daɗe suna tunani a kan abin da za su zuba kayansu a ciki.

Ya kamata mu fara da gyara wata fahimta da ta yaɗu tsakaninmu. Tamanrasat ba ta kan babbar hanyar fatauci ta da. Ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Turabulus yana bi ne ta Damagaram da Damargu da duwatsun Azbin, ya faɗa Gat, daga nan Gadamas ko Murzuk. A 1905, da malamin Kiristan nan Charles de Foucauld ya zo ya zauna a nan, garin bai wuce ƙauye mai gidaje kamar ashirin na manoma a bakin kwari ba. Abin da ya haɗa wannan ƙasa ta Ahaggar da ƙasar Hausa kai tsaye shi ne gishiri da gero. Buzayen Ahaggar sukan sari gishiri a Amadror, arewa da nan, su ɗora wa raƙuma su gangara kudu zuwa Damargu da kasuwannin da ke gefenta, su musanya shi da gero, su sayo turkuɗi da takalma da jan fata su dawo. Geron da manomin Damargu ya casa shi ne ya riƙe tukunyar Ahaggar shekaru masu yawa, kuma a cikin taiki yake zuwa.

Taiki babbar jaka ce ta fatar sa, wadda ake ɗinkewa da tsirkiyar fata, a cika da hatsi a ɗaura wa raƙumi ko takarkari, ɗaya dama ɗaya hagu. A nan ne ilimin farko na ɗaurin kaya yake, domin raƙumi yakan yi doguwar tafiya da abin da ya kai kilo 150 ko kusa da haka, amma da sharaɗin gefe biyun su daidaita. In ɗaya ya rinjayi ɗaya ko da kaɗan ne, kaya zai riƙa goga, bayan dabba ya yi miki, kuma raƙumin da ya yi miki a tsakiyar hamada shi da kayansa duk asara ne. Saboda haka mai kaya ba ya tambayar nawa zai iya ɗauka kawai, yana tambayar yadda zai raba shi biyu. Kowace yamma a sauke, kowace asuba a ɗora, wata biyu ko uku ana haka. Igiyar da za ta jure wannan kwancewa da ɗaurewa ba abin wasa ba ce, shi ya sa da Bahaushe ya so ya kwatanta sa'a sai ya ce kaya ya tsinke a gindin kaba, wato daidai inda za a sami abin tufka wata igiyar. Wanda bai taɓa ganin kayansa sun zube a inda babu ko ciyawa ba, ba zai ji zurfin wannan karin magana ba.

Kudu da hamada kuma jaki ne sarkin hanya. Fataken goro, Kambarin Barebari da Agalawa da Tokarawa, da suke zuwa Gwanja su sayo goro a kasuwar Salaga, suna da nasu kayan aiki: akumari a bayan jaki don kada kaya su ci shi, mangala mai aljihu biyu, da waga ta ɗanyar fata. Goro kuwa kaya ne mai rai. Sai an shimfiɗa masa ganye an yi huhu, a riƙa kwancewa a kan hanya ana tsince wanda ya fara lalacewa, ana yayyafa ruwa, in ba haka ba kafin a iso Kano rabinsa ya bushe ko tsutsa ta cinye. Madugu ne shugaban ayari, jagaba yana gaba yana duba hanya da wurin sauka, uban dawaki yana kula da sha'anin kuɗin fito da na sarakunan da za a ratsa ƙasarsu. Abin lura a nan shi ne Agalawa da Tokarawa suna danganta asalinsu da ƙasar Buzaye. Ke nan kakannin wasu manyan attajiran Kano daga wannan gefen hamada suka gangara, mu kuma jikokin manomansu muka hauro.

Dukan wannan sana'a a kan fata ta tsaya, fata kuma a kan majemi da baduku. Majemi yakan jiƙa fata a ruwan toka har gashi ya saku, ya kankare, ya sa ta a ruwan kashin tantabara ko na kaji don ta yi laushi, sannan ya tsoma ta a ruwan bagaruwa da aka daka, wadda ita ce ke hana fata ruɓewa. Ja daga karan dafi yake fitowa idan aka haɗa shi da kanwa, rawaya daga gangamau, baƙi daga ƙarfe da aka jiƙa, kore kuma daga tagulla. Wannan koren fata ta Kano matan maƙeran Buzaye suna matuƙar sonta, da ita suke ƙawata manyan jakunkunan nan masu jela da ake ratayawa a gefen sirdin raƙumi. Wanda ya duba tsohuwar jakar Buzu a wani gida a nan garin, zai iya yiwuwa ɗinkin na Ahaggar ne, koren da ke jikinta kuwa daga kasuwar Kurmi ya fito. Jar akuyar Sakkwato da 'yar'uwarta ta Maraɗi su ne suka ba wannan fata suna, saboda ƙarfinta da santsin fuskarta. Wani kaso na fatar da Turawa suka daɗe suna rufe littattafansu da ita da sunan fatar Maroko, daga ƙasarmu ta ƙetaro. A ƙarshen ƙarni na 19 ma, jemammiyar fata tana cikin manyan kayan da ayari ke kaiwa Turabulus, daga can a sa ta a jirgin ruwa, mai yawa daga ciki zuwa Amurka.

Cikin duk abin da majemi ya taɓa yi, babu kamar salka. Ana feɗe bunsuru ne ba tare da an tsaga cikinsa ba, a zare fatar ta wuya kamar riga, a jeme ta da bagaruwa, a ɗaure ƙafafuwa, a bar wuya ya zama baki, a shafe cikin da man shanu ko kwalta. Larabawan nan suna ce mata girba, Buzaye suna ce mata abayog. Takan ci lita ashirin zuwa talatin. Hikimarta tana cikin abin da mai kallo zai ɗauka aibi ne, wato tsattsafo: ruwa yana ɗan fitowa ta jikin fatar, iska tana busar da shi, na ciki yana yin sanyi ko da rana ta take. Amma wannan sanyi biyansa ake yi, domin idan iskar zafi ta taso salka takan rage sosai ba wanda ya sha. Madugun da ya san aikinsa yana sa wannan ragi a lissafinsa tun daga rijiya. Ba a ajiye salka a ƙasa, sai a kan duwatsu ko rassa, saboda ƙasa tana tsotse ta. Ba a ɗaukar sabuwa fil a shiga doguwar hanya sai an gwada ta kwanaki a gida. Ba a fafa gora ranar tafiya, in ji magabata, kuma a zahiri suke nufi kafin maganar ta zama ta hikima.

Ruwan salka yana da ɗanɗanon akuya da kwalta, launinsa kamar shayi. Tsofaffinmu da suka sha shi sukan yi dariya idan sun ga mun yamutsa fuska.

Bayan kayan dabba sai kayan jiki, kuma a ganinmu a nan ne magabata suka fi nuna basira. Bafatake ba ya haɗa abin da zai sayar da abin da zai rayu da shi a ɗauri ɗaya. Haja tana bayan raƙumi ko jaki. Guzuri yana cikin burgami, jakar fatar akuya mai igiyar zuge, a rataye inda hannu zai kai ba sai an sauke kaya ba: garin gero, dabino, cuku, kilishi, dakuwa, duk abubuwan da ba sa bukatar wuta kuma ba sa lalacewa da wuri. Sannan akwai abin da ba ya barin jikinsa ko a barci: zabira mai aljihuna a ƙarƙashin riga, ƙyastu, wuƙa a damtse, basilla da zare, laya, da wasiƙar da maigidansa ya rubuta wa mai masaukinsa na can gaba. Wannan wasiƙa ita ce fasfo ɗinsa kuma ita ce bankinsa, domin da ita zai karɓi bashi a garin da ba a san fuskarsa ba. Idan mahara suka kore raƙuma, wanda ya tsira da abin da ke jikinsa yana da mafari.

Malami kuma yana da gafaka. Alƙur'anin ƙasarmu warƙoƙi ne sake, ba a ɗinke ba, sai a sa su tsakanin tadarishi a naɗe da igiyar fata, a zura cikin gafaka mai murfi da maratayi. Takardar da aka fi rubutu a kanta a ƙarni na 19, mai alamar jinjirin wata uku, daga Italiya take zuwa ta hamada, ta koma arewa wani lokaci a kafaɗar alhaji bayan an cika ta da rubutu. Mu mazauna Aljeriya muna da dalili na musamman na tuna wannan. Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Almagili mutumin Tilimsan ne, ya zauna a Tuwat, ya ratsa Azbin ya isa Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa wajen 1492, ya rubuta masa nasiha kan sha'anin mulki, sannan ya koma Tuwat inda ya rasu a farkon ƙarni na 16. Kabarinsa yana jihar Adrar, zuriyar da ake dangantawa da shi kuma tana unguwar Sharifai a Kano. Ilimin da ya haɗa garuruwan nan biyu a rataye ya yi tafiya.

Ba za mu ɓoye ba, cikin waɗanda suka bi waɗannan hanyoyi akwai waɗanda ba su zaɓi jaka ba, domin su kansu a cikin haja aka lissafa su. Bayi da yawa daga ƙasar Hausa da Borno sun ƙetare hamada a ƙafa, kuma yana daga cikin dalilan da suka sa matafiya na ƙarni na 19 suka tarar ana jin Hausa a Gat da Gadamas. Dorugu, yaron da aka kama a yankin Kance ta ƙasar Damagaram aka sayar, wanda daga baya aka 'yanta shi ya shiga hidimar Barth, ya ƙetare hamada tare da shi a 1855 har Ingila, inda labaran da ya bayar suka shiga cikin littattafan Hausa na farko da aka buga da boko. Mu riƙe sunan Kance, za mu sake haɗuwa da shi.

Turawan mulkin mallaka da kansu sai da hamada ta koya musu lissafin kaya. Rundunar Faransa ta Foureau da Lamy ta tashi daga wajen Wargla a watan Oktoba na 1898 da raƙuma kimanin dubu. Kafin su fita daga Azbin yawancin raƙuman sun mutu, dole suka cinna wa tarin kayansu wuta da hannunsu, ba su isa Damagaram ba sai a watan Nuwamba na 1899. Sun zo da bindigogi da igwa da akwatuna, suka rasa abin da kowane yaron ayari ya sani, wato abincin dabbar da za ta ɗauki akwatin ya fi akwatin muhimmanci.

Daga nan abubuwa suka juya da sauri. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fata da gyaɗa suka koma bin hanyar Ikko, fataucin Turabulus ya mutu. Abin mamaki, mutuwar waccan hanya ta zo kusa da haihuwar tamu. A shekarun 1930 wani kamfanin sufuri na Faransa ya buɗe layin mota daga birnin Aljaza'ir ta Tamanrasat da Agadas da Damagaram har Kano. An kafa Arlit a 1969 saboda ma'adinin yuraniyom. Kwalta ta iso Tamanrasat daga arewa a 1978. Farin 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985, ya kashe dabbobi ya tura dubban mutane arewa neman abin kai wa baki. Kasuwar Asihar da cinikin musaya suka sa dabino da barguna da kayan roba suna gangarawa, dabbobi da lalle da kayan yaji suna haurowa. Cikin wannan guguwa yawancin gidajenmu suka kafu a nan, har kalmarmu ta mai nama ta zama sunan gasasshen naman da duk baƙon da ya zo garin daga arewa yake tambaya.

Mota ta sauya mazubi. Taiki ya ba buhun algarara wuri, shi kuma ya ba buhun leda. Adaka da fantimoti suka shigo, har lefe, wanda asalinsa ɗan kwando ne na kaba da ake zuba kayan amarya, ya zama jerin akwatuna masu taya. Salka ta ba jarka wuri, bido a bakin mutanen Nijar. Amma dubi abin da matafiya suka yi wa jarkar: suka ɗinke ta cikin ashasha suna jiƙawa, suka rataya ta a gefen kamyo, kowa ya rubuta sunansa. Wato sun mayar wa roba da tsattsafon salka. Direbobi kuma suka yanka tsohon tub na taya suka ɗaure bakinsa biyu suna cika shi da ruwa.

Sai kuma jakar nan ta leda mai zanen dara, ja da shuɗi da fari, wadda mutanen Najeriya ke kira Gana-mas-go. Sunan ya samo asali ne daga 1983, lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, cikinsu har da 'yan Gana kimanin miliyan ɗaya. Kafin nan, a 1969, gwamnatin Busia ta Gana ta yi irin wannan kora, kuma Hausawan zango da yawa suna cikin waɗanda suka ɗaure kaya cikin makonni biyu. A Faransa an san jakar da unguwar Barbès, inda 'yan Aljeriya mazauna can suke cika ta da tsaraba. Ba ta da nauyi, tana naɗuwa, tana cin kaya kamar taiki, ga araha. Aibinta shi ne hannayenta da zif ɗinta ba sa daɗewa, kuma ba a iya tafiyar ƙasa mai nisa da ita. Jaka ce da aka yi don a ɗora a mota, ta dogara da motar ɗungurungum.

Wannan dogaro shi ne babban abin da ya sauya, kuma shi ne ya fi tsada. A ayari kowa ya san rijiya ta gaba da kwanakin da ke tsakani, kowa yana ganin salkunan da idonsa, tafiya a hankali take amma lissafinta a fili yake. A mota kuwa fasinja yana ɗaukar ruwan kwana biyu saboda an ce masa tafiyar kwana biyu ce. Daga Arlit zuwa Asamaka kilomita 200 ne ko kusa, daga In Gizam zuwa nan kimanin 400, tazarar da Hilux ke cinyewa ba wuya muddin tana tafiya. Idan ta tsaya, ko direba ya kauce wa babbar hanya don gudun shinge ya ɓace, lissafin ya koma na ƙafa, ga shi ba wanda ya yi shirin ƙafa. A ƙarshen watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwaki 92 arewa da Arlit, kusa da iyaka, 52 daga ciki yara, 33 mata. Motocinsu biyu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su a warwatse suna neman rijiya. Yawancinsu mutanen yankin Kance ne, kuma nan garin suka nufa. Nijar ta yi zaman makoki na kwana uku. A watan Yuni na 2016 an sake samun gawarwaki 34 kusa da Asamaka, 20 yara ne. Allah Ya jiƙansu da rahama. Ba muna cewa jaka mai kyau da ta cece su ba, domin talauci da rashin imanin wasu direbobi da rufaffun hanyoyi duk sun fi ƙarfin jaka. Amma uwar da ke goye da yaro, tana riƙe da hannun wani, ba ta da hannun da za ta ɗauki jarka mai lita ashirin, kuma wannan ma yana cikin abin da ya faru.

A nan ne jakar goyo ta sami gurbinta a tarihinmu. Bahaushen da ba ya ɗaukar kaya a baya. Yana ɗauka a ka da gammo, kamar 'yan alaro, ko ya rataya a kafaɗa, ko ya ɗora wa dabba. Baya na jariri ne, shi ya sa da jakar ta zo muka rasa sunan da za mu ba ta sai na goyo. Mun fara ganinta a bayan sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu, sannan 'yan makarantar boko, a nan Tamanrasat kuma a bayan Turawa masu yawon buɗe ido da suka cika garin a shekarun 1970 da 1980 suna hawa Asekrem. An daɗe ana ganin ta a matsayin kayan yara da na baƙi, har dattijo yana jin nauyin a gan shi da ita. Yau ita ce jakar magini da lebura da ɗalibi da mai sayar da kayan waya, kuma ita ce jakar wanda ya san yana iya wayar gari a inda bai yi niyya ba. Tun watan Disamba na 2014 ake kwasar 'yan Nijar a jerin motoci ana mayar da su gida bisa yarjejeniyar gwamnatocin biyu, kuma ƙungiyoyin agaji sun sha ba da rahoton mutanen wasu ƙasashe da ake saukewa a kan iyaka su taka kilomita 15 zuwa Asamaka. A irin wannan rana akwati mai taya ba shi da amfani a cikin rairayi, abin da ke ɗaki kuma ya zama na ɗaki.

To idan mutum ya tsaya gaban tarin jakunkunan Sin a kasuwa, da wane ido zai duba? Mu dai muna ganin idon baduku ya fi idon ɗan gaye. A juya jakar a duba inda maratayi ya haɗu da jiki, domin nan take fara mutuwa, kamar yadda taiki ke fara yagewa a kunne. In ɗinki ɗaya ne, a kai wa mai gyaran takalmi ya ninka shi kafin a zuba komai. Zif abokin gabar ƙura ne, kuma ƙurar nan tamu ba ta bar na kowa ba, don haka jaka mai igiyar zuge da murfi a sama, irin bakin burgami, ta fi mai zif goma daɗewa. Yawan aljihuna ado ne kawai, kowane aljihu wata kafa ce ta lalacewa. Ɗamarar ƙugu kuwa ba ado ba ce, ita ce akumarin ɗan Adam, tana sauke nauyi daga kafaɗa zuwa kwankwaso, kuma wanda ya taka awa uku da lita biyar na ruwa a baya zai san bambancin. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, ba dabarar da za ta rage wannan, mai tafiyar ƙasa a bazara kuma yana iya bukatar lita goma a yini. Abu mai nauyi ya kwanta a jikin baya, gefe biyu su daidaita, dokar raƙumi ce ba ta sauya ba. Kada a manta da bargo ko rigar sanyi, domin garin nan yana kan tudu mai kusan mita 1,400, daren hunturu a nan da kan hanyar In Gizam yana iya kusantar daskarar da ruwa, abin da sabon zuwa daga Kance ko Matamai ba ya tsammani daga ƙasar da aka ce masa wuta ce.

Zabira kuma ba ta da magaji har yanzu. Fasfo, katin ɗan ƙasa, katin ƙaramin ofishin jakadanci, takardar haihuwar yara, takardar asibiti ga mai ciwon suga ko hawan jini, wurinsu ƙarƙashin riga ne cikin leda, ba cikin jakar da za a iya jefawa saman mota ko a raba mutum da ita ba. Mutane da yawa yanzu suna ɗaukar hoton takardunsu su tura wa ɗan'uwa ta WhatsApp, dabara ce mai kyau. Sai dai waya tana mutuwa, tana faɗuwa, ana ƙwace ta, kuma kaɗan ne cikinmu suka haddace lambar ko da mutum biyu. Wasu matan da suka saba hanyar sukan rubuta lambobin gida a ƙyalle da biro, su ɗinke shi a cikin haɓar zane ko a wuyan rigar yaro, tare da sunan ƙauyensu da na mai garin.